Ƙyallen Baba Kallamu

Safiya ta maƙala na'urar auna ƙura a ƙugun Baba Kallamu, ta ja siririn tiyonta ta kan kafaɗarsa, ta liƙa bakin a wuyan rigarsa.

"Baba, duk abin da ka shaƙa, ita ma za ta shaƙa ta ƙirga. Ka yi aikinka, da la'asar in karɓa."

"To, ɗiyata. Ta wa ce?"

"Aro ce daga Yamai, yau ɗin nan za a mayar. Don Allah a kula da ita."

Ya shafa na'urar da bismillah, ya shige ɗakin ɗura buhuna yana tari.

Shekara biyu cur Safiya tana aika takardu daga buron lafiya na Ƙonni kafin a ba ta aron wuni ɗaya tak. Wurin aikin Baba Kallamu masana'antar niƙa farin dutse ce a bayan Malbaza, kuma ba ƙurar da ake gani ke damunta ba. Akwai wata mai laushi wadda ido ba ya kamawa, ta wuce hanci ta je ta kwanta cikin huhu. Maza huɗu daga ɗakin nan suna kwance, bara aka rufe abokin aikinsu Ɗalha. Shef Muttaƙa, mai kula da wurin, magana ɗaya gare shi: a kawo masa lamba a takarda, ya sa injin zuƙe ƙura. Tari kuwa, in ji shi, ko liman yana yi.

Shi ya sa ta zaɓi Baba Kallamu. Shekara goma sha takwas yana tsaye a bakin mazurari, ba ya zillewa, ba a taɓa ba shi ajiya ta yi ciwon kai ba.

Ba a barin baƙo shiga ɗakin, sai ta wuni a rumfar maigadi. Duk wanda ya fito shan ruwa fari fat yake har gira. Allah ya yafe mata, daɗi ta riƙa ji, don yau dai lamba za ta yi magana.

Da la'asar Baba Kallamu ya fito yana jan numfashi da ƙyar, hancinsa a toshe da fari. Nan ta lura babu ƙyallen da yake ɗaurawa a fuska kullum. Ƙyallen yana wuyan rigarsa, an naɗe bakin tiyon da shi tam, a jiƙe.

"Baba, mene ne wannan?"

"Ai ina shiga na ga abin ba na wasa ba ne. Na ce kayan mutane, in bari ƙura ta cika shi? Sau uku ina jiƙa mata shi." Ya yi murmushi. "Duba ki gani, tas take."

Ta duba. Lambar ba ta kai ta cikin kasuwar Tsarnawa ba.

Shef Muttaƙa ya leƙo ta bayanta, ya karanta, ya gyara hula. "Alhamdu lillahi. Madam, sai a rubuta."

Ta ruga wurin direban da ya kawo na'urar. "Ayuba, don girman Allah, ka kwana. Gobe kawai."

"Wallahi ba ni da iko, Madam. Gobe da safe ana jiranta wani wuri."

Ta rubuta lambar. Ta ƙara a ƙasa cewa an rufe bakin tiyo, ko da yake ta san a Yamai lamba ake karantawa. Kuka take son yi, ga kuma tsohon tsaye yana jiran a yaba masa.

Baba Kallamu ya kwance ƙyallen, ya matse, farin ruwa ya ɗiga ƙasa. Tari ya turnuƙe shi har ya dafa bango. Da ya lafa, ya ɗaga kai.

"Ki gaya musu, ɗiyata, mu nan ba mu ɓata kayan aro."

"Zan gaya musu, Baba. Na gode."

Ya mayar da ƙyallen hancinsa, ya koma ciki, don da sauran buhu talatin kafin a tashi.