Yatsu Biyu a Wuyan Barsu

Ni dai ban taɓa dukan Barsu ba, wannan ko a gaban wa zan faɗa. Tuwon da na ci shi yake ci. Amma abin da na yi masa ya fi duka muni, har yau in na tuna sai abinci ya fita raina.

Barsu karena ne. Yana ɗan kwikwiyo na karɓo shi wurin wani mafarauci a Sandamu, don ya riƙa raka ni gona yana kore mini awakin mutane daga cikin wake. Ranar da ya zo na yanko igiyar leda, irin wadda muke ɗaure bakin buhu da ita, na zarga masa a wuya na ƙulle tamau.

To ni mutum ne mai ƙyanƙyamin tsiya. Tun muna yara aka hore mu cewa kare ba abin taɓawa ba ne, in ya lashe ka sai wanki bakwai, har da ƙasa. Sai na lanƙwasa waya na yi ƙugiya a bakin doguwar igiyar da nake jan sa da ita. Kullum da safe daga tsaye nake saƙala ta, ko gashinsa ba na shafa, mu kama hanya. Har alfahari nake yi da dabarar nan a majalisa, wai ni mai tsabta.

Kare ya yi ta girma, igiyar wuyansa tana nan yadda na ƙulle ta. Gashi ya rufe ta, ni kuma na manta da ita.

Ya fara tirjewa a hanya, na ce lalaci ne, na riƙa fizgar sa. Haushinsa ya dushe, na ce ƙiba ce. Matata Haulatu ta ce, "Malam, karen nan fa wari yake yi, ƙudaje sai bin wuyansa suke."

Na ce, "Kare ne, da turare kike so ya yi?"

Wata safiya na fizge shi a bakin gona, sai ya zube. Na ga jini a jikin ƙugiyar. Na naɗe shi da buhu, na ɗora a babur sai Daura, wurin wata likitar dabbobi, Murjanatu. Ta buɗa gashin wuyan. Igiyar ta nutse cikin nama, ta zagaye wuyan kaf.

"Wata nawa tana wuyansa?"

"Bakwai."

"Riƙe masa kai, Baba."

Na tsaya ina kallon hannuna. Wallahi har a lokacin sai da na tsaya.

Ta ce, "Baba, hannuna biyu ne. Ko ka riƙe, ko ka tafi da gawa."

Na durƙusa na tallafi kansa. Zafi rau, ga shi ba nauyi. Tana yanka igiyar yana karkarwa, sai ya juyo da ƙyar ya lashi wuyan hannuna, yana kaɗa wutsiya. Ni da na yi masa wannan aika-aika. Kunya ta kama ni, hawaye suka zubo a gaban sa'ar 'yar cikina.

Da ta gama ɗaure ciwon ta ce kada komai ya sake hawa wuyan sai ya warke sarai. Bayan nan in je wurin baduku ya ɗinka mini abin wuya na fata mai faɗi da laushi, mai huji-huji irin na bel, yadda za a riƙa sassautawa. "In ka ɗaura, ka zura yatsu biyu tsakanin fatar da wuyansa. In ba su shiga ba, ya matse. Duk mako ka duba. Da hannunka, ba da waya ba."

Haka aka yi. Isyaku baduku ya ɗinka, har ya shimfiɗa ƙyalle ta ciki. Barsu ya warke, muna zuwa gona tare, ya kan bi awaki da gudu. Sai dai muryar ba ta dawo ba. Ya kan buɗe baki ya yi ta ƙoƙari, iska kawai ke fita.

Ranar da muka dawo daga wurin likita na zauna a tsakar gida da buta, na wanke hannuna sau bakwai, har da ƙasa, Haulatu tana tsaye tana kallona. Ko minti biyar wankin bai ci ba. Abin da na yi wata bakwai ina gudu ke nan.