Makunni a Hannun Hagu

Sista, ungozomar asibiti, ta kai shekara tara tana hawa babur zuwa duba masu jego a garuruwan da mota ba ta iya shiga. Hanyar duk ramuka ce, fitilar babur ɗin kuma ta tsufa, haskenta bai wuce na kyandir ba. Ran da ta kusa afka wa jaki kwance a tsakiyar hanya da almuru, ta ce ai ba za ta saɓu ba. Ta sayi ƙananan fitilu biyu, wani mai gyara ya ɗaura mata su, ya jona wayarsu kai tsaye da ta babbar fitila. Kwana uku rak aka yi ta ji ƙaurin roba, komai ya ɗauke, har oda.

Yayanta ya ce, "Ki kai wa Baba Mai Waya, bayan masu walda. Kada ki tsaya ko'ina."

Da hantsi ta turo babur ɗin cikin wani ɗan shago mai ƙofar ƙarfe. Wani dattijo na zaune a kan benci, gabansa tire cike da kayan aiki, kowanne a jere kamar kayan tiyata. Ta yi sallama, ya amsa yana fuskantar gefenta kaɗan. Sai da ya miƙa hannu yana laluben kan babur ɗin sannan ta gane ba ya gani.

Ta fara neman dabarar da za ta janye kayanta ba tare da ta ci fuskar dattijo ba.

"'Yata, na ji kin yi shiru," in ji shi yana murmushi. "Kowa haka yake yi ran farko. Shekara shida ke nan da idon ya yi ritaya, amma hannun bai kai takarda ba tukuna. Zauna, sai an gwada akan san na ƙwarai."

Ta zauna don kunya kawai. Ya cire kujerar babur ɗin, ya kwance kusoshin tanki ya ɗaga shi, ya kwance wayar batir ya ajiye gefe. Sannan ya bi damin wayoyi da yatsu, a hankali, yadda ita take lalube cikin mai juna biyu don ta ji kwanciyar jariri. Can ya tsaya, ya kai hanci.

"Ga ta nan. An ɗora wa siririyar waya kayan raƙumi."

Ta leƙa. Daidai inda yatsansa yake robar ta narke ta yi baƙi, a wani lungu da ko mai ido sai ya haska tocila.

Ya yanke ruɓaɓɓen wurin ya yi sabon haɗi, ya sauya fis ɗin da ya ƙone. Ya ɗauko waya mai kauri, ya auna ta da kamu, ya ja ta daga batir, ya sa mata nata fis ɗin. Daga aljihu ya fito da wani ɗan baƙin abu kamar kwalin ashana.

"Wannan shi ne rile. Shi zai ɗauki nauyin wutar. Makunnin da zan sa miki a hannu ɗan aike ne kawai, ya ce masa buɗe, ya ce masa rufe."

"Baba, to yaya kake gane launin wayoyin?"

"Launi na masu ido ne. Ni tambayarsu nake yi."

Ya mayar da wayar batir, ya ɗauko wata 'yar ƙararrawa mai wayoyi biyu da ya haɗa da kansa. Ya maƙala ɗaya a jikin ƙarfe, ya riƙa taɓa ɗayar a bakin kowace waya. Ya ce ta murɗa makulli. Ƙararrawar ta yi tsuwa. Ta kashe, tsuwar ta tsaya.

"Yauwa, ita nake nema. Daga nan makunnin zai sha wuta. Ko kin manta fitilun a kunne, da kin zare makulli sun mutu, batirinki ya huta."

Ya mayar da kujerar, sai ya ce ta hau ta riƙe kan babur yadda take riƙewa a hanya. Ya shafa hannunta na hagu, ya ji iyakar inda babban yatsanta yake kaiwa, a nan ya ɗaure makunnin. Ya bi da wayarsa ta ƙarƙashin tanki, ya juya kan babur dama da hagu har ƙarshe don ya tabbatar ba ta ɗamewa, ya naɗe kowane haɗi da salatif. Ko sau ɗaya bai lalubi filaya ya ɗauko sukundireba ba. Sista ta manta ma da wayarta da ke ta ruri a jaka.

"Ja mana ƙofar nan, 'yata."

Ta ja. Shagon ya yi baƙi ƙirin da rana tsaka, ta yi tuntuɓe da benci, shi kuwa ta ji motsinsa yana ta tattara kayan aiki hankali kwance.

"Murɗa makulli, ki danna."

Ta danna. Rile ya ce ƙas, sai haske ya tsaga ɗakin, fari fat, har tana iya ƙirga zaren gizo-gizo a kusurwa.

"Subhanallahi!" ta ce.

"Je ki tsaya jikin bango. Ina yake dukanki?"

"A ido, Baba."

Ya sassauta kusa, ya sunkuyar da fitilun. "Yanzu fa?"

"A gwiwa."

"Nan ne wurinsa. Ki ga hanya, kada ki makantar da mai tahowa. Mu ma mun isa haka, ba ma neman ƙari."

Ta yi dariya, amma dariyar ba ta yi nisa ba, don ta ga ya zagayo gaban babur ɗin ya durƙusa, ya kawo fuskarsa dab da ɗaya daga cikin fitilun, idanunsa a buɗe, bai ko ƙifta ba.

A hankali ta ce, "Baba, kana ganin wani abu?"

Ya ce, "Kaɗan. Kamar gari ya fara wayewa ta bayan labule mai kauri." Ya numfasa. "Bar mini shi minti ɗaya."

Ta bar masa fiye da haka. Tana tsaye jikin bango tana kallonsa, har sai da wani ya buga ƙofa daga waje yana kiran Baba, wai injin niƙansa ya ƙi tashi. Dattijon ya dafa gwiwa ya miƙe.

"Kashe, 'yata. Allah Ya tsare hanya, a gaishe da masu jego."