Kunkuru da Labarin Mai Zuma

Kunkuru ce ta ƙarshen fitowa daga ɗakin jarrabawa, kuma ba wanda ya yi mamaki. Tun tana ƙarama aka laƙaba mata sunan, don ba ta karatu sai da yatsa a kan layi, tana bin kalma ɗaya-ɗaya kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Bara yatsan nan ne ya kayar da ita, aka ce a ajiye biro tana tsakiyar shafi. Bana kuwa Baba ya yi magana, kuma shi ba ya maimaitawa: in ba ta samu jami'a ba, ga keken ɗinki can yana jiranta a shagon yayarta. Ita kuwa duk duniya ba abin da ta tsana kamar ƙarar keken nan.

Ta tarar da 'yan ajinsu a rumfar bakin ƙofa, sun kewaye Farfesa. Yaron akwai kai, wannan kam ba a hana shi, ya haddace tambayoyin shekarun baya kaf, ya kuma haddatar da kowa. Sai dai fa akwai cika baki.

"Ina ganin labarin mai kiwon zuma na ce shi ke nan, kakarmu ta yanke saƙa," in ji shi. "Wanda muka yi a tambayoyin baya ne sak. Ko karantawa ban yi ba, na wuce kan tambayoyi."

"Wallahi ni ma," in ji Rediyo, ƙawar Kunkuru, tana fifita da takardar tambayoyin da aka bar su suka fito da ita. "Ke Kunkuru, zo nan. Ta farko me kika zaɓa?"

"C."

"Amsar A ce," in ji Farfesa. "Ta biyu fa?"

"B."

Aka kwashe da dariya. Ta uku ma haka, ta huɗu ma haka, duk wadda ta faɗa ba ta dace da ta kowa ba. Mutum goma sha wani abu a gefe guda, ita kaɗai a gefe guda, ai ba sai an tambayi wanda ya ɓata ba. Har ta fara jin ƙarar keken a kunnenta.

"Haba baiwar Allah, duk zaman nan me kika yi a ciki?" in ji Farfesa, wai shi tausayi. "Abu mai sauƙi. Manoma suka kori mai zuma, itatuwansu suka daina 'ya'ya. Ƙarshen zance."

"Ba su kore shi ba," ta ce a hankali.

"Na'am?"

"Roƙonsa ma suka yi ya zauna. Shi ya tafi da kansa, don feshin da suke yi yana kashe masa ƙudan zuma."

"A mafarkinki?"

Nan fa ranta ya ɓaci. Ta yarda ita mai nawa ce, amma ba ta yarda yatsanta ya yi mata ƙarya ba. Ta fizge takardar daga hannun Rediyo, ta warware ta a kan benci, ta ɗora yatsa a sakin layi na ƙarshe, ta fara karantawa a fili, kalma ɗaya-ɗaya, yadda ta saba.

Farkon labarin kam wanda suka haddace ne, ba a taɓa ko harafi ba. Ƙarshen ne masu shirya jarrabawar suka sake, suka bar tambayoyin da tsofaffin amsoshin a wurarensu, kamar tarko.

Wani ya dafe kai. Farfesa ya karɓi takardar, ya karanta, ya sake karantawa, ya juya bayanta ko zai ga wani ƙarshen, bai samu ba. Sai ga shi, shi Farfesa da kansa, yana bin layin da yatsa.

Rediyo ce ta fara magana, idonta ya ciko. "Kunkuru, kin cinye mu duka." Ta rungume ta. "Je ki, wallahi kin ci halal ɗinki."

Ta ji tausayin ƙawarta sosai, amma ƙarya ne a ce daɗi bai rufe ta ba. Ko mota ba ta tsaya jira ba, da ƙafa ta kama hanya, tana ta murmushi ita kaɗai har masu wucewa na waiwayenta.

Ta biya ta shagon yayarta. Keken na nan a kusurwa an rufe shi da ƙyalle, har an ajiye masa kujera. Yayar ta ɗago, allura a bakinta.

"Auta, yaya dai? Bana kin samu kin gama?"

"Na gama, Yaya. Har ƙasa na karanta." Ta shafa kan keken, ta gyara masa ƙyallen. "Wannan kuma ki nema masa wata."