Awa Biyu a Otal ɗin Nasim

Ni dai tun ina ƙarama ba na sayen abu a kuɗin da aka fara faɗa mini. A unguwarmu a Ujda har tsokanata ake yi, wai idan Nazha ta shigo kanti, mai kanti salati yake farawa. Ko a jikina. Kuɗin wutar maƙwabta da na ruwansu duk da katina na banki nake biya, su ba ni nawa a hannu, ni kuma maki ya taru mini a kamfanin jirgi. Na daɗe ina tara makin nan, ba na taɓa shi ko da Salla, har ya isa tikitin mutum uku zuwa Agadir da dawowa.

Agadir garin Babana ne, Si Lahsan, kamar a ce Malam Lahsan. Can aka haife ni. Can yake sarin kifi a tashar jiragen ruwa, da motocinsa biyu masu sanyi, can kuma caca ta cinye shi ina 'yar sakandare. Motocin suka tafi, gidan ya bi su, awarwaron Mama ma ba su tsira ba. Ranar da ta gaji, Mama, Lalla Yamna, ta sa shi ya dafa Alƙur'ani a gaban yayyenta maza ya rantse ba zai ƙara taka ƙofar gidan caca ba. Ta kwashe mu ta kai mu garinsu, Ujda, can ƙarshen ƙasa a bakin iyaka. Takan ce da gangan ta sa ƙasar nan gaba ɗayanta tsakaninsa da waccan ƙofar. Fiye da shekara goma bai karya ba. Ko karta ake yi a gidan shayi, sauya hanya yake yi.

Bara aka yi masa aikin zuciya. Da ya tashi, ba ya da zance sai na kabarin mahaifiyarsa da iskar teku. Tikiti ina da shi. Masauki ne ya gagara, don lokacin zafi ne, otal-otal sun yi ɗan karen tsada, danginsa na can kuwa tun zamanin cacar ba sa ga maciji da shi.

Ana cikin haka saƙo ya shigo wayarsa, wadda ni nake duba masa saboda idonsa. Otal ɗin Nasim ne, mai gidan caca a ƙasansa, wai suna kewar tsofaffin abokai. Ɗaki kyauta, abinci kyauta, mota ta ɗauko mu daga filin jirgi. Sharaɗi ɗaya ne, katinsa na da, na gidan cacar, ya yi awa biyu kullum a cikin injin caca. Na kira lambar. Wani Si Radwan ya ɗauka, murya kamar an shafa mata man zaitun.

Na ce, "Mahaifina ba ya wasa yanzu."

Ya kira ni da laƙabin girmama mata, ya ce, "Lalla, inji ba ya kallon fuska. Kati yake gani."

Wallahi a ranar ji na yi kamar na fi kowa wayo a duniya. Na je na sami Mama tana murza kuskus. Na ce mata Baba ko kusa da ƙofar ba zai je ba, ni zan zauna a injin mafi araha, in danna a hankali, abin da zai ci bai kai kuɗin karin kumallo ba. Ta yi ta faɗa har ta gaji. Sai ta leƙa falo ta ga Baba zaune yana kallon teku a talabijin, an kashe sauti. Ta dawo ta goge hannu.

"Ke za ki zauna? Ke da jininsa ke yawo a jikinki? Dubi yadda idonki ke ƙyalli da an ce kyauta. In zama ne, ni zan zauna. Ni na tsani abin nan, ba abin da zai iya yi mini."

Baba ya ce mu haƙura da tafiyar. Amma a sanyaye ya faɗa, mu kuma muka yi kamar ba mu ji ba.

Tun da muka shiga otal ɗin na ga inda matsalar take. Ƙofar gidan cacar a tsakiyar zauren baƙi take, tsakanin lif da ɗakin cin abinci, ba yadda za ka yi ka ci tuwonka ba ka wuce ta gabanta ba. Gilashi ne baƙi, jan kafet ya leƙo ta ƙarƙashinsa, da an buɗe sai ƙarar injinan ta fito kamar ana kaɗa ƙananan ƙararrawa. Ina riƙe da hannun Baba muka wuce. Tafin hannunsa ya jiƙe sharkaf.

Muka raba aiki. Mama ta ɗauki kati, ni na ɗauki Baba. Tsaronsa nake yi kamar mai tsaron madara a wuta. In ya ce zai shiga banɗaki, ina tsaye a ƙofa. In ya kwanta ƙailula, sai in kwashe takalmansa in zauna a kansu. Ya taɓa farkawa ya gan ni, ya ce, "'Yata, ko a kurkuku ana barin mutum da silifa." Muka yi dariya, amma ban ba shi ba. Tsoro nake ji, tsoro na gaske. Na san in ya shiga ɗakin nan sau ɗaya, da zuciyar da aka ɗinke da rantsuwar da ya ɗauka duk sun tafi, kuma ni na kawo shi.

Ranar farko Mama ta shiga bayan azahar, cikin jallabiyarta ruwan ƙasa, carbi a aljihu, fuska a murtuke kamar mai zuwa ta'aziyya. Da awa biyu ta cika ta fito, ta wuce banɗaki ta wanke hannu har gwiwa.

"Allah ya tsine wa wanda ya ƙirƙiro shi. Ba taga, ba agogo, ga hayaƙin sigari. Manyan mata da jikoki zaune suna danne-danne kamar kaji a kan tsaba. Si Lahsan, a wannan ka zubar da gidana?"

Baba ya sunkuyar da kai. Ni kuwa hankalina ya ɗan kwanta.

Washegari da safe muka je maƙabarta a Inzigan, kusa da Agadir. Baba ya zuba ruwa a kabarin, ya yi kuka, ya zauna yana ba ta labarin aikin da aka yi masa. Ina jin Mama a bayana tana gyaran murya. Can ta taɓo ni ta ce kada mu makara, ai an ce sharaɗi ne. Ranar ta ɗan wuce awa biyun. Ta fito tana dariya, wai injin ya yi ta ihu yana walƙiya har mutane suka taru a kanta. Abin da ya ba ta ta miƙa wa mai share ɗaki, ta ce ba za ta kai haram gidanta ba. Na ce to, madalla.

A rana ta uku ne, muna cin tajin, dahuwar kifi a kaskon ƙasa, da magariba, na lura ba ta tambayi Baba ko ya sha maganinsa ba. Ɗan yatsanta na tsakiya yana ta dukan gefen faranti, ƙwas, ƙwas, ita ba ta ma sani ba.

Ta ce, "Kun san wata mara kunya yau na samu a kan injina? Na je shan ruwa kawai. Sai da na tsaya a kanta ta tashi."

Baba ya ajiye burodin da ke hannunsa. "Injinki?"

"Na kusurwa. Wanda na saba."

Bai ƙara cin komai ba. Da safe muna tafiya a bakin teku ni da shi, ya tsaya ya ce, "Nazha, ba ni ya kamata ki tsare ba."

Raina ya ɓaci. Na ce masa ya ji tsoron Allah, matar da ta fitar da shi daga wuta da hannunta ita zai ɗora wa ciwonsa? Ya bar ni na gama.

"Jiya ta yi la'asar?"

Mama da take tashin mu da bugun ƙofa tun kafin ladan ya gama gyaran murya. Jiya la'asar da magariba haɗa su ta yi a ɗaki, a gurguje, ni ma na gani.

Ya ce, "Ni ma ranar da na fara shiga tsanarsa nake yi. Rakiya na yi wa wani."

Daga nan tsorona ya kasu biyu, na rasa wanda zan riƙe. In na bi Mama ciki, na bar Baba shi kaɗai a bakin ƙofa. In na zauna da shi, ita tana can. Na ce mata mu bar katin, zan biya kuɗin ɗakin ko nawa ne, ni Nazha da bakina na faɗi haka. Ta dube ni sheƙeƙe.

"Yau kuma ke ce mai ɓarnar kuɗi? Saura kwana ɗaya. Kin ɗauka ni irin ubanki ce?"

Ranar komawa ba sharaɗin komai, Si Radwan da kansa ya faɗa mini. Jirginmu na yamma ne. Bayan azahar muka sauko da jakunkuna, Mama ta ce bari ta mayar musu da katinsu ta yi sallama da wata mata da suka saba. Ta shiga. Direban otal ya zo ya sa kaya a mota. Ya dawo ya duba agogo. Ya sake dawowa ya ce, "Lalla, hanyar filin jirgi da cunkoso yanzu."

Na zaunar da Baba a kujerar da ta fi nisa da ƙofar, na ce ya rantse ba zai motsa ba. Ya ce ya gaji da rantsuwa, in je kawai.

Ciki sanyi ne da duhu da fitilu masu launi, ba ka sanin rana ce ko dare. Na same ta a kusurwa. Ɗankwalinta ya zame har gashinta mai furfura ya fito, ga maza suna wucewa, ba ta gyara ba. Carbinta na ajiye a wurin ɗora kofi. Jakarta a buɗe a cinya.

"Mama, jirgi."

"Je ki, ina zuwa. Ya kusa."

"Mama, direba zai tafi."

"Na ce ya kusa."

Ko juyowa ba ta yi ba. Na kai hannu zan zare katin, ta make mini hannu da ƙarfin da ban san tana da shi ba. Tun da aka haife ni ba ta taɓa dukana ba. Na tsaya ina kallon bayan kanta, ina jin kamar wata ce ta sa jallabiyar uwata. Na juya na fita.

Baba ba ya kan kujera. Yana tsaye a bakin ƙofar, yatsun ƙafarsa daidai inda jan kafet ya fara.

"Ba ta fito ba?"

Na girgiza kai.

"To, matsa."

Na riƙe hannun rigarsa da hannu biyu. Na ce Baba, rantsuwa. Na ce Baba, zuciyarka. Na ce zan kira masu gadi su fito da ita, zan yi ihu, zan yi komai. Ya ce masu gadin nan ba su taɓa fitar da mai wasa ba, shi ya sani.

"Zan yi kaffara. Matata ce, ita ta fito da ni. Ba zan taɓa komai ba, 'yata. Ki biyo ni ki gani."

Ya taka kafet ɗin. Si Radwan ya ɓullo ban san daga ina ba, ya buɗe hannuwa. "Si Lahsan, marhaba, marhaba. Gida ya yi kewarka." Baba bai kalle shi ba. Ya cusa hannuwansa biyu a aljihu, idonsa a ƙasa, yana tafiya tsakanin injinan kamar mai ratsa kasuwar mahauta da farin kaya. Ina bayansa ina karanta duk abin da ya zo bakina. Ina ganin zufa tana gangarowa a ƙeyarsa cikin wannan sanyin.

Ya tsaya a bayanta. Ya ce, "Yamna, tashi. Mu je gida."

Ta juyo. Na zaci za ta ji kunya, ko ta fashe da kuka, ko ta zage shi don ya karya rantsuwa. Fuskarta ta washe. Rabon da in ga ta yi masa irin wannan murmushin tun muna Agadir ina yarinya.

"Lahsan, gara da ka zo." Haka ta kira sunansa gatsau. "Tun ɗazu yake kawo hoto biyu iri ɗaya ya hana ni na ukun. Ni hannuna ne ba shi da sa'a. Kai ka san halinsa."

"Yamna."

Ta miƙe daga kujerar, hannunta ɗaya dafe da injin kada wani ya zauna, ɗayan ta kama hannun rigarsa tana ja a hankali.

"Sau ɗaya kawai. Danna mini sau ɗaya mu tafi. Wallahi sau ɗaya, in bai ba da ba na haƙura."

Baba ya dube ni. Ya dubi matarsa, ya dubi kujerar da ta share masa.

Ya ce, "In na danna za ki tashi?"

"Zan tashi."

Ya zaro hannunsa na dama daga aljihu, ya zauna. Bai ko duba inda maɓallin yake ba.