Kusurwar da Baban Lantana Bai Rufe Ba

Daren jiya wani mafarki ya zo mini, kuma har yanzu ban ba kowa labarinsa ba.

Na ga ɗakina an ɗauke shi an ajiye a tsakiyar kasuwar 'yan katako, rana tsaka, ba kowa. Ruwa yana tsattsafowa daga ƙasa yana tafiya sama, bakin zanina ya jiƙe, kallabina a bushe. Ban yi mamaki ba. Na ɗaga kai na dubi kusurwar gabas.

Maigidana, Baban Lantana, kafinta ne, Allah ya jiƙansa. Aikinsa katakon adon nan da ake zagaye bakin silin da shi. Ya yi wa mutanen gari nasu kaf, namu ya zo ƙarshe. Duk kusurwoyin ya haɗa, saura ta gabas, ciwo ya kwantar da shi. Katakon da ya yanka mata yana nan bayan gado. Ni kuwa tun da aka yi sadakar arba'in na lura muryarsa tana ɓace mini. Fuskarsa ina gani, amma in na so jin yadda yake kirana sai shiru.

A mafarkin na ga inda take bi. Ta ramin kusurwar take fita, siririya kamar hayaƙin turare.

Sai ga wata akuya zaune kan bencinsa da tabarau, tana tauna fensir.

"Tabawa, ke ce mai ɗakin da ke yoyon murya?"

"Ni ce, ranki ya daɗe."

"Na saman sun kawo ƙara. Tarinsa da gyaran muryarsa duk a kansu suke zuba. Ki rufe, in ba haka ba ɗan abin da ya rage ma ya tsiyaye."

Na ce bari in cusa tsumma.

"Tsumma!" Ta cire tabarau ta dube ni. "Matar kafinta guda? Kunya ba ta kama ki ba?"

Kawai na gan ni tsaye gaban bencin, katakon a ɗaure, girandarsa ta goge katako a hannuna, wayarta a soke cikin kabewa. Kabewar tana ba da wuta sosai.

Na san aikin, don nakan kai masa abinci in tsaya kallo. Shi ba ya yanka katako biyu a karkace ya haɗa bakinsu, yana cewa magini bai taɓa miƙe bango ba, gobe za su buɗe. Na farko tura shi yake ya dafa bango. Na biyu ya yanke bakinsa a karkace da zarton lantarki, ya bi gefen adon da fensir, sannan ya sa giranda mai faifan sandfefa ya cinye bayan katakon sannu a hankali har layin. In ya ɗora, sai ya kwanta a fuskar ɗan'uwansa lif, ko allura ba ta shiga. Layin fensirinsa yana nan a jikin katakon da ke gabana, baƙi wuluk.

Na kunna. Ba ƙara. Na ɗora faifan a kan katakon.

"A hankali, Tabawa, ba dawa kike surfe ba."

Shi ne. Har da ɗan dishin nan nasa na mai shaƙar garin katako. Na ɗaga hannu don firgita, ya yi shiru. Na mayar da faifan kan katakon, muryar ta dawo.

"Baban Lantana, kana ina?"

"Ga ni. Layin za ki duba, ba ni ba."

"Ka ci abinci?"

"Na ci. Nasu ba gishiri, naki kuma ya yi yawa. Ni dai ban dace ba."

Na yi dariya, garin katako yana tashi sama tare da ruwan. Na gaya masa Lantana ta haihu, namiji, an sa sunansa. Ya ce Allah ya sa bai ɗauko hancin ba. Na gaya masa famfo ya lalace. Ya ce tun yana nan yake a lalace, ni ce ba na ji.

"To, tsaya nan," in ji shi. "Kin kai layi. Ɗora shi, ya zauna."

Na san in na ɗora, ramin zai rufu, abin da ya rage na muryarsa ya zauna a ɗakin. Amma sai na ɗaga faifan tukuna, in na ɗaga kuma zai yi shiru. Hannuna ya ƙi.

"Tabawa, kin wuce layi."

"Na gani."

"Babu wani katakon fa."

"Na sani. Ƙara kirana."

Ya kira. Ya yi mini faɗa, ya ce aikin kirki na ɓata masa, ya ce taurin kaina ko a lahira ana labarinsa. Ban taɓa jin daɗin faɗa irin wannan ba. Katakon ya koma tsawon muciya, ya koma ludayi, ya koma asuwaki. Ina riƙe da shi da yatsa biyu, faifan yana lasar farcena.

"Saurara," ya ce, "akwai abin da ban gaya miki ba. Ranar da muka..."

Katakon ya ƙare.

Akuyar ta sauko daga benci, ta shinshina garin da ke ƙafata, ta kashe kabewar, ta tafi. Na tsaya ni kaɗai a kasuwar ina kallon kusurwa. Hayaƙin ya yi siriri, ya ƙara siriri, daga nan ban ga komai ba.

Sai na ji ana buga ƙyauren gida, jarkoki suna karo da juna.

"Inna, a kawo ruwa?"

Mai ruwa ne, gari ya waye. Na yi lamo a kwance, na rufe ido, na nemi yadda ya ce Tabawa. Na nema, na nema. Mai ruwa ya sake bugawa, na tashi na ɗauko bokiti.