Jakar Shozo

Shekara talatin da ɗaya ke nan Tsuneo Hagiwara da Shozo Miyasaka suna yin tafiyar watan Maris tare. Kwana huɗu suke yi a kan allunan sulu cikin dusar ƙanƙara, daga wannan bukkar kan dutse zuwa waccan, su sauka ta ɗaya gefen su shigo jirgin ƙasa su dawo garinsu Omachi. Tsuneo tsohon direban bas ne, mutum mai ƙa'ida, ba ya son a ƙara masa ko minti ɗaya. Shozo kafinta ne mai yawan raha, kuma tun asali shi ke kama musu wurin kwana, don ya fi iya magana da masu bukka.

Bana kuwa, saura mako guda su tashi, Tsuneo ya kira bukkar tsakiya don ya ji yadda dusar ƙanƙara take a gangaren arewa. Mai bukkar ya gama yi masa bayani, sai ya ce, "Hagiwara-san, bana ba ku zuwa ne? Ban ga sunanku ba."

"Ai Shozo ya kira ku tun watan jiya."

"Bai kira ba. Amma akwai shimfiɗa biyu, in kuna so."

Tsuneo ya ce zai sake kira. Ya aje wayar, ya daɗe yana kallonta. Da bakinsa Shozo ya ce masa an gama komai, har sau biyu. Ga shi tun kaka yake yawan zuwa taron wata ƙungiyar masu sulu da wani Nagase ke jagoranta, kuma Tsuneo ya ji cewa za su tsibirin Hokkaido a makon tafiyar tasu. Ya kuma tuna bara, da gwiwarsa ta sa suka isa bukkar ƙarshe a makare, Shozo na tsaye a kan tudu yana jiransa. Sai ya haɗa wannan da wancan. Wato Shozo so yake tafiyar ta mutu da kanta, ya bi masu ƙarfin ƙafa, ba tare da ya dubi idon abokinsa ya ce masa ka tsufa ba.

Bai tunkari Shozo da maganar ba. Ya bari sai ranar Asabar da safe, ranar haɗa kaya, ya ga iya gudun ruwansa.

A shagon Shozo suke haɗa kaya kullum, a kan babban teburin fiƙe katako. Tsuneo ya baje nasa a jere: fatun da ake manna wa ƙasan alluna don hawan tudu, shebur, sandar laluben dusar ƙanƙara, taswira, risho da gwangwanin gas biyu, busasshen kifi, ƙullin kayan miya na miso na kowace safiya.

"Tsoho, har yau kana auna safa a sikeli?" in ji Shozo yana dariya.

"Ina aunawa. Zazzage taka mu gani."

Shozo ya zazzage. Safar hannu ƙafa uku. Tocila biyu. Babu shebur. Tsuneo ya ɗauki na'urar ceto, wadda ke nuna inda mutum yake in dusa ta zaftare ta binne shi, ya murɗa. Ko ƙyas.

"Ka ce ka sa mata sabon batir."

"Na sa."

Tsuneo ya buɗe bayanta. Ramin batirin wayam. Ya tura masa ita a kan teburin.

"Af," in ji Shozo. "To wa ya cire?"

"Wa ke shiga shagon nan ban da kai? Bukkar tsakiya fa, ka kira su?"

"Na gaya maka na kira."

"Da wa ka yi magana?"

"Da mutumin nan mana. Mai gemu."

Shekara ashirin suna kwana a ɗakin mutumin, sun san sunan matarsa da na karensa. Ran Tsuneo ya ɓaci. Rainin hankalin ya fi ƙaryar ci masa rai.

"Shozo, in Nagase kake son bi, ka faɗa mini kai tsaye. Ni ba yaro ba ne."

"Wane Nagase kuma? Kai dai ba ka rasa abin faɗa." Shozo ya goge hannu a rigar aiki. "Bari in ɗauko shebur ɗin, yana rumfar baya."

Yana fita Kiyoko, matarsa, ta shigo da shayi. Da alama ta daɗe a bakin ƙofa. Ta aje farantin, ta ɗauki na'urar ta juya ta a hannunta.

"Tsuneo-san, jiya da rana ya sa batirin, ina kallo. Da yamma ya cire, wai tsoho ne zai sayo sabo."

"To bukkar fa?"

"A zatonsa ya kira. Ta bara yake tunawa." Ta yi ƙasa da murya. "Tun bazara ciwon mantuwa ya fara kama shi. Watan jiya ya fita sayen ƙusa, aka tsince shi a tashar jirgi bai san me ya kai shi ba. Mun ga likita. Ya hana ni gaya maka."

"Taron ƙungiyar nan da yake zuwa?"

"Ranar Laraba ko? Asibiti muke zuwa. Shi ya ƙirƙiro maka zancen ƙungiya." Ta dube shi. "Na so in ɓoye allunansa. Na kasa."

Tsuneo ya dubi safar hannun nan ƙafa uku. Kwanaki ya yi yana shirya kalaman da zai yaɓa wa abokinsa, wasu ma har ya riga ya yaɓa. Kunya ta rufe shi, tsoro ya biyo baya, don rana ta uku ta tafiyar tana bi ta wani kwari inda ran kowannensu ke hannun ɗan'uwansa.

Shozo ya dawo da tsintsiya a hannu. Ya tsaya ya dube ta, ya dubi matarsa, ya dubi Tsuneo. Sai ya jingine ta a bango a hankali.

"Ta gaya maka."

"Ta gaya mini."

"To. Sai ka nemi wani."

"Wa zan nema, a shekarun nan? Wa zai jure ni?" Tsuneo ya jawo taswirar ya ninke ta, ya bar ɓangaren bukkar farko kawai. "Kwari dai ba mu shiga, kada ma ka roƙe ni. Nan za mu, ta cikin itatuwa, awa uku. Mu kwana ɗaya mu juyo. Ni zan kira su, ni zan haɗa jakarka, kai kuma ka ɗauki gas ɗin duka, don gwiwata ba ta son nauyi."

"Kwana ɗaya ai tafiyar 'yan makaranta ce."

"Ita ke akwai."

Shozo ya zauna a kan benci, ya ja kofin shayi, ya riƙe bai sha ba. Can ya ce, "Ka sa min ƙullin miso biyu. Naka kullum ba ya isa."

Ranar Alhamis suka tashi, Kiyoko ta kai su bakin hanya a mota. Sun isa bukkar da azahar. Washegari Shozo ya tambayi Tsuneo sau uku ko yau ce ranar shiga kwari, sau uku yana amsa masa cewa gida za su. Amma da suka juya allunan ƙasa, Shozo ya shiga gaba, yana ratsa tsakanin itatuwa cikin sabuwar dusa yadda ya saba, ko tuntuɓe bai yi ba. Tsuneo ya bi sawunsa yana haki, bai yarda ya ɓace masa da gani ba har suka hango motar Kiyoko a ƙasan gangaren.