An Ji, Baba

Shekarar da aka ba mu jiha, duk wanda ya iya riƙe biro a Gusau sai ya zama wani abu. Ni ma haka na zama magatakardan wani kwamiti da aka kafa don yanka filayen gidajen ma'aikata a gefen hanyar Bunguɗu. Tebur guda gare ni a bakin ƙofa, da kujera mai gurguwar ƙafa, da hatimi. Sunana Yazid, amma tun da na samu hatimin nan har ƙannen babana suka koma ce mini Malam.

Ƙa'idar aikin ba ta da wuya. In an shata fili, sai a manna sanarwa a allon ofis, da Turanci. Wanda bai yarda ba yana da kwana talatin ya kawo kokensa a rubuce, in buga hatimi, in saka a fayil. Koke guda yana iya tsayar da aiki har sai kwamiti ya zauna a kansa. In kwana talatin suka wuce babu takarda, to magana ta mutu, ko kotu ba za ta tone ta ba.

Shugabanmu, Malam Sabiru, bai taɓa ce mini kada in karɓi koke ba. Shi dai yakan leƙo fayil ɗin, in ya gan shi fayau sai ya ce, "Yazid, aikinka na kyau." Ni kuwa ba yaro ba ne, na san abin da ake yabo.

Ranar wata Alhamis, kwana tara da manna sanarwa, wani tsoho ya cire takalmansa tun daga waje ya shigo ya tsuguna gaban teburina. Ya ce shi ne Sahabi, daga wani ƙauye can kusa da fadama. Ya gaishe ni, ya gaida aiki, ya gaida mutanen gida, sannan ya zo kan magana.

"Ɗiyana, na iske an kakkahwa duwatsu masu jan kai cikin garkata. Garkag ga ita ad da ni. Rijiyad da ke ciki ni da mahaihina munka gina ta. Shi ne nic ce bari in kawo kukana inda anka ce a kawo."

Garka ita ce lambunsa na rani, inda yake albasa da tattasai. Na fahimce shi sarai. Na kuma san abin da ya kamata in yi: in jawo takarda, in rubuta abin da ya faɗa, ya dangwala yatsa, in buga hatimi. Aikin da bai kai shan kofin shayi ba. Takardar tana gabana. Amma ƙofar Malam Sabiru a buɗe take, ina jin yana juya shafin jarida.

Sai na ce, "An ji, Baba."

Duk Bahaushe ya san nauyin wannan magana. A gaban hakimi ko dagaci, in mai koke ya gama, aka ce masa an ji, to kukansa ya shiga, ya zama amana a wuyan wanda ya faɗa. A ofis kuwa an ji iska ce kawai. Na san Baba Sahabi da ma'anar farko zai tafi gida, ni kuma ta biyun nake nufi. Ya yi mini addu'a mai tsawo, ya sa takalmansa ya tafi.

Na ce wa kaina gobe zan rubuta. Gobe ta zama jibi, jibi ta zama mako. Ya dawo sau biyu, ba don ya matsa mini ba, don dai kada a ce ya kawo magana ya watsar. Kowane zuwa ina ce masa ana dubawa. Zuwansa na ƙarshe saura kwana uku wa'adi ya cika, kuma na ƙirga kwanakin a zuciyata yana tsugune a gabana. Wannan ita ce wadda ba na iya yafe wa kaina.

Bayan wata biyu katafila ta shiga garkar.

Wata lauya a Sabon Gari, Talatu Haruna, ita ta ɗauki shari'arsa. Mace ce gajera mai kaifin baki, irin wadda in ta shigo ofis kowa ke tuna yana da aiki a wani ɗakin. Aka yi ta ɗage zama har shekara ta zagayo, sannan aka kira ni shaida.

Da Turanci ake komai a kotun, tafinta yana gefen Baba Sahabi yana tsakuro masa abin da ya samu. Lauyan kwamiti ya tambaye ni ko akwai wani koke da aka shigar cikin kwana talatin. Na ce babu ko ɗaya a fayil. Gaskiya na faɗa, irin gaskiyar da ta fi ƙarya wari.

Lauya Talatu ta miƙe. "Ka taɓa ganin wannan dattijo a ofishinku?"

Na ce mutane da yawa suna zuwa.

Ta dube ni. Ba ta da wata takarda da za ta kama ni da ita, don ni ne ban rubuta ba. Sai ta juya wajen alƙali ta ce dokar da ke jiran manomi ya karanta Turanci a allo, ya kuma amsa da biro, ba don manomi aka yi ta ba. Alƙali ya ce maganarta tana da hanya, amma gyaran ƙa'ida ba aikinsa ba ne, wa'adi kuma ya wuce. Ya kori ƙarar.

A bakin kotu na so in sulale, sai na ji an riƙo hannun rigata. Baba Sahabi ne. Tafinta ya gaya masa wai ba a samu takarda a fayil ba, shi kuma ya gina sauran da kansa.

"Kak ka damu, ɗiyana. Na gane abin da anka yi. Kai ka rubuta, manya sunka ɓadda takardar. Na ga yadda hankalinka yat tashi can ciki. Mi za ka iya? Kai ma ƙarƙashin wasu kake."

Na ce, "Haka ne, Baba." Ban san wacce ta fi muni ba, wannan ko an ji ɗin da na ce masa tun farko.

Da mulkin farar hula ya kusa, aka ce a sake duba ƙa'idojin kwamiti. Lauya Talatu ta kawo shawara a rubuce: a riƙa shelar sanarwa da Hausa a masallaci da kasuwa, duk wanda kuma ya zo da koken baki, dole magatakarda ya rubuta nan take ya ba shi shaida a hannu. Ni na fi kowa ɗaga murya a kan a karɓa. Har Malam Sabiru ya ce bai san ina da son talakawa haka ba. Aka karɓa. Ni na buga sabuwar ƙa'idar a keken rubutu, na manna ta a bangon da ke bayan kujerata, inda ba sai na riƙa kallonta ba.

Garkar ba ta dawo ba. Gidaje ne a wurin, rijiyar an cike ta. Na ji labarin Baba Sahabi ya koma Tsafe wajen 'yarsa Hafsatu, ƙafa kuma ta fara ba shi wahala. Wata Asabar na shiga mota na tafi, da niyyar in gaya masa komai. Tun daga tasha nake jera kalmomin a raina.

Na same shi a zaure, yana ɓarar gyaɗar surukinsa a faranti. Mutumin da a da albasarsa ke cika buhuna. Da ya gane ni sai ya yi ƙoƙarin miƙewa, ya kasa, ya aika a kira maƙwabta. Kafin in gama gaisuwa zauren ya cika da dattawa.

"Ku gan shi nan," in ji shi. "Wanga shi ne yaron da nike ba ku labari. Duk cikin gwamnati shi ɗai yat tsaya mini. In ɗayanku ya samu matsala ta hili, kak ku tai wurin kowa, ku tai Gusau ku ce Malam Yazid. Ko ba ku iya rubutu, ku hwaɗa mai da baki, ya isa."

Suka yi ta miƙo mini hannu bibbiyu, suna sa mini albarka. Hafsatu ta aiko da fura. Ya juyo ya dube ni, fuskarsa cike da murna, ya ce, "To mi ka tahe da kai, ɗiyana? Lahiya dai?"

Na buɗe baki. Dattawan duk suka juyo gare ni.

Na ce, "Lafiya lau, Baba. Ƙafar na zo dubawa."